Riga Babu Mai Ita

Shafi na 27

Masu cika min waya da saƙo wai na yi shiru kwana uku, na ji ku. Wadda ta rantse za ta zo har gida ta ƙwace wayar ta rubuta da kanta, ki zauna a ɗakinki, ga shi. Amma mai raunin zuciya ya ajiye abin da yake ci tukuna.

*

Mai Gwaji tana ɗakinta na gwajin jini, cikin liƙe ambulan, ta ji ƙarar Baba Maigadi daga waje.

Ba ihu ba ne. Irin sautin nan ne da ke fita daga bakin mutum idan an nushe shi a ciki numfashi ya ɗauke.

Sha biyun rana saura kaɗan. Takardar da ke hannunta sakamako ne na jinin mutum goma sha ɗaya, ma'aikatan siton gwanjo masu kwana a ɗakin baya, kuma na bakwai a jerin ƙaninta ne, Tela, uwa ɗaya uba ɗaya. Takarda ta farko mijinta ta ba ya kai ofishin lafiya kwana shida da suka wuce. Jami'ai suka je siton, suka ce a riƙa tafasa ruwan sha, suka yi gaba. Washegari aka kwashe marasa lafiyar duka, har yau ba ta san inda aka kai su ba. Shi ya sa wannan karon ta ce da ƙafarta za ta kai.

Aka banko ƙofar ƙarfen. Guduma ne ya fara shigowa, ƙaton da ke tsaron siton, yana jan Baba Maigadi ta wuyan riga. Ya yar da tsohon a gindin firij, jini na bin gemunsa.

Sai Mai Dila, mai siton, yayan mijinta. Cikin wannan zafin ya sa kwat ya ɓalle maɓalli har maƙogwaro, ga baƙin tabarau.

Na ƙarshe mijinta ne, Akawu, idonsa a kan takalminsa.

"Ƙanwata, ana aiki?" in ji Mai Dila.

"Yaya, me Baba ya yi muku?"

"Ya tsaya a ƙofa."

Ta kai hannu za ta ɗauki waya, Guduma ya riga ta. Ya maka wayar da bango, ya bi ta da dunduniya. Daga maƙwabta injin mai walda yana ta kuka, ko yanka mutum ake a ɗakin nan ba mai ji.

Mai Dila ya ja kujera ya zauna da ƙyar, ya dafe goshi.

"Kashe min fitilar nan, tana soka min ido. Kai, karɓi takardar ka karanta min."

Akawu ya zare ambulan ɗin daga hannunta bai yarda sun haɗa ido ba. Ya karanta da murya kamar ta mai mura.

"Mutum tara cikin goma sha ɗaya... taifus."

"Taifus," Mai Dila ya maimaita. "Har yanzu ba ki saki kalmar nan ba? Taifot ke damun yarana. Wa bai san taifot ba? Ni ma na yi ta sau uku."

"Yaya, sunan ne kawai ya yi kama. Taifot ta ruwa take shiga, ta abinci. Wannan ƙwarƙwata ke kawo ta, kuma ƙwarƙwatar tana cikin ɗinkin kayan da ke dilolinka. A kansu suke kwana. Maganin taifot ba ya taɓa ta. Wanda ya kai sati biyu ba magani, sai wani ikon Allah."

"Idan aka ce taifot, ruwa za a tafasa. Idan aka ce taki kalmar fa?"

Ta dubi takardar da ke hannun mijinta.

"Faɗi mana, malamar ilimi."

"Za a rufe siton. A ƙone kayan."

"Dila ɗari huɗu. Shekara ashirin da biyu na gumina, saboda ƙwaron da ake murjewa da farce."

"Ɗan hakin da ka raina, Yaya."

Marin da Guduma ya ɗauke ta da shi sai da ta ga wuta. Ta bugu da tebur, leɓenta ya fashe, ta ji gishirin jini a baki. Ta dubi mijinta. Ya ɗaga ƙafa ɗaya kamar zai zo, ya mayar da ita inda take. Wallahi ni mai ba ku labari, da ina ɗakin, shi zan fara shaƙewa kafin Guduma.

"Na tambayi likita," in ji Mai Dila, yana share gumi. "Ya ce gwajin naku tsohon yayi ne. Ya ce ko ciwon fitsari mutum ke yi, zai nuna wannan taifus ɗin taki. Ƙarya ya yi?"

Ta tofar da jinin a auduga.

"Bai yi ƙarya ba."

"To?"

"Jinin mutum ba ya ganin fuskar ƙwayar cuta. Rigarta yake gani. Kowace ƙwaya akwai abin da ya lulluɓe bayanta, da shi sojojin jini ke gane ta su kai mata hari. Tsohon gwajin da rigar aro muke yi, ta wata ƙwayar daban da ta yi kama da ta taifus. Shi ya sa wani lokaci jini kan kama wanda ba shi ba ne."

"Ka ji ko? Da bakinta."

"Ban gama ba. Shi ya sa na aika aka kawo min sabon gwaji, jiya ya iso. Wannan ba aro ba ne. Furotin ne da aka ɓare daga bayan ƙwayar taifus ɗin kanta, rigarta ta gaske. Na zuba jinin yaranka a kai, tara suka cafke ta. Jini ba ya cafke rigar da bai taɓa gani ba, Yaya. Ka kai wa likitan naka wannan, ka ga ko zai yi musu."

"Ina jinin yake?"

Idonta ne ya ci amanarta. Ya je kan firij ya dawo.

Guduma ya tsallake Baba Maigadi, ya buɗe firij ɗin, ya kwaso kwalaben da hannu biyu ya watsar a ƙasa. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya da takalmi. Ta yi tsalle ta riƙe bakin firij ɗin, don akwai sauran jere ɗaya a can ciki.

"Hagun," in ji Mai Dila. "Ka bar mata daman, da shi za ta sa hannu."

Guduma ya danna ƙofar firij ɗin a kan yatsunta, ya jingina da dukan nauyinsa.

Ta ji ƙas, ta ji ƙas na biyu. Ba ta san ta yi ihu ba sai da ta ji maƙogwaronta na zafi. Da ya saki ta zube a kan gwiwa cikin fasassun kwalabe, yatsu biyu sun karkace sun kalli inda ba a halicce su su kalla ba.

"Yaya, don Allah," in ji Akawu. "Uwar 'ya'yana ce."

"Rufe min baki. Da ka iya riƙe gidanka da ba mu zo nan ba."

Mai Dila ya zaro wata takarda daga aljihun kwat, ya jefa mata a gaba.

"Kin gane wannan?"

Ta gane. Takardarta ce ta farko, wadda jami'an lafiya suka bar masa, rubutunta, hatiminta. Sai dai a layi tara an kankare wutsiyar kalmar da reza, an sa wata da biro iri ɗaya da nata. Taifus ta koma taifot. Aikin ya yi tsaf, aikin mutumin da ya shekara ashirin yana gyara rubutu a ofis.

Kwana shida tana zagin jami'an lafiya a zuciyarta, tana cewa ba su san aikinsu ba. Ashe abin da aka ba su suka karanta.

"Baban yara," ta ce. "Kai ne?"

Ya ƙara sunkuyar da kai.

"Kai na ba. A hannunka na sa, na ce ran ƙanina ne a ciki. Ka dawo ka ce min ka kai. Ka zauna ka ci abincin da na dafa."

"Harafi biyu ne kawai," ya ce. "Yaya ya ce duk zazzaɓi ne, duk magani za a ba su. Ya ce asibiti mai kyau zai kai su. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifinmu..."

"Tela ma hannuna ne."

Zafin wannan ya fi na yatsun. Shekara goma sha ɗaya tana kwana kusa da mutumin nan, ta ɗauka tsoro ne kawai aibinsa.

Mai Dila ya buga tebur, ya kuma dafe kai kamar shi aka buga.

"Ku yi rigimarku a gida. Ke, ɗauki sabuwar takarda. Ki rubuta kin sake gwaji da sabon abin naki, kin ga taifot ce. Ki sa hannu, ki buga hatimi. In kin yi, jibi ƙaninki ya dawo miki."

"Ina yake?"

"Nesa. Tafiyar awa shida."

"Ta ina zan san yana da rai?"

Ya yi wa Guduma alama. Guduma ya zaro wani abu daga bayan wandonsa ya jefa mata a fuska.

"Ke da kika iya gane abu da rigarsa," in ji Mai Dila, "gane wannan."

Rigar Tela ce, shuɗiya, mai aljihun da ya ɗinke da koren zare don ranar shuɗin ya ƙare masa. Ta rungume ta da hannun kirki, hawaye ya zubo mata.

Sai ta ji wani abu.

Rigar da danshi. Gumi ne, bai ko fara bushewa ba, kuma akwai sauran ɗumi a hammatar. Hannunta ya juya ɗinkin wuyan da kansa, don sabo. Ga su nan a jere cikin ɗinkin, ƙwarƙwata huɗu, cikinsu ya cika tam da jini ja wur, wanda bai kai ga yin baƙi ba. Yanzu suka sha.

Rigar da ta yi tafiyar awa shida ba ta zuwa da ɗumi.

Ta ɗaga kai a hankali kamar mai share hawaye, ta dubi taga. Ta tsakanin ƙarafan ta hango motar kayan siton a bakin lungu, mai rufaffen baya, da kwaɗo a ƙofar. Ba ta da taga ko ɗaya. Rana ta daki rufinta.

Ta riƙe fuskarta, ba ta bari an gane ba.

"Zan rubuta," ta ce. "Hatimin yana kan tire can."

"Kin ga? Da tun farko haka kika yi, da yatsunki goma."

Ta miƙe tana dafa tebur. Tiren yana bayan kujerar Mai Dila. A kansa akwai hatimi, akwai biro, akwai kuma sirinji cike da wani ruwa mai shuɗi-shuɗi. Ruwan tsohon gwajin ne. Tun da bakin kwalbarsa ya fashe ta zuƙe shi ta ajiye a sirinji, yau da safe ta fito da shi ta yi aiki.

Ta wuce hatimin. Ta cire murfin allurar da haƙori.

Kafin Guduma ya juyo ta maƙale wuyan Mai Dila da gwiwar hannunta na hagu, ta dasa tsinin allurar a gefen maƙogwaronsa har fata ta lotsa. Tabarau ya faɗi. Jikinsa zafi rau kamar bangon tanda, amma hankalinta ba ya nan.

"Ka ƙara taku ɗaya," ta ce wa Guduma, "in danna."

Guduma ya tsaya cak.

"Kun san mene ne wannan? Ita ce. Ƙwayar taifus, da ranta, wadda na raina a ɗakin nan. Ƙwarƙwata ɗigo take sa wa mutum ya kwanta sati biyu. Wannan cikin sirinji ne, kuma a jijiyar wuya. Ba zai ga jibi ba."

Ƙarya take yi, kuma ta san mutum ɗaya a ɗakin ya sani. Watan jiya da aka ɗauke wuta a unguwar nan kwana biyu, ta kai ruwan nan firij ɗin gida. Akawu ya ƙi shan ruwan sanyi, ya hana yara buɗe firij. Ta yi ta yi masa dariya, ta ɗiga a tafin hannunta ta nuna masa. Matattun ƙwayoyi ne, ta ce, kuma ba ma na taifus ba. Riga ce babu mai ita. Ko sauro ba za ta kashe ba.

"Makullin motar," ta ce. "Da na kwaɗon. Ƙanina yana ciki."

Akawu ya ɗago kai a karon farko, ya dubi taga.

"A mota? Yaya, Tela yana cikin motar da muka zo da ita?"

Mai Dila bai kula shi ba. Ya haɗiye yawu, allurar ta motsa.

"Kai," ya ce wa ƙaninsa. "Kai ka san kayan aikinta. Gaskiya take faɗi?"

Injin walda yana ta kuka. Ta kafe mijinta da ido. Ba ta roƙe shi ba, ta gama roƙonsa a duniya.

Akawu ya lashi leɓe.

"Gaskiya ne, Yaya. Na ga ranar da ta sa wa ɓera. Bai kai la'asar ba. Kada ka motsa."

Guduma ya ja da baya har sai da ya taka hannun Baba Maigadi. Mai Gwaji ta ji wani abu ya saki a ƙirjinta.

Sai Mai Dila ya fara dariya.

Ƙasa-ƙasa ya fara, kafaɗunsa na girgiza, har ta koma tari. Ya kai hannu wuyan kwat ɗinsa a hankali, ya ɓalle maɓalli na farko, na biyu, na uku. Ya yage rigar ciki.

Ƙirjinsa gaba ɗaya ƙuraje ne, jajaye, shimfiɗe tun daga hammata har ciki, wasu sun fara komawa baƙi. Sai yanzu ta ga idonsa da kyau, ja kamar gauta. Ciwon kan, gudun hasken, kwat cikin zafi. Tun shigowarsa abin yake gabanta ba ta karanta ba.

"Soka, ƙanwata," ya ce. "Ko taifot ko taifus, ta riga ki shiga."

"Kwana nawa?"

"Takwas. Ina shan magani, kuma ga ni a zaune."

"Maganin me?"

"Wanda likita ya rubuta."

"Wace takarda ka nuna wa likitan?"

Idonsa ya sauka ƙasa. Ta dubi takardar da aka kankare, tana kwance cikin jini a ƙasa. Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka.

"Yaya, saurare ni. Duk kwanakin nan kana shan abin da ba ya taɓa ta. Maganin gaskiyar ƙwaya ce 'yar ƙarama, ana samunta a kowane kanti, kwana biyu zazzaɓin ya sauka. Ka buɗe motar, in rubuta maka sunanta yanzu. Kai da Tela da sauran duka."

"In sha maganin taifus, in yarda ke nan taifus ce."

"Za ka mutu."

"A ƙone min dila ɗari huɗu ina kallo? Gara a ɗauke ni tukuna."

Ta san ciwon nan. A sati na biyu kai yake hawa, mutum ya riƙa magana tsaf alhali hankalin ya tafi. Ba da Mai Dila take ciniki ba yanzu, da zazzaɓi take yi.

Ya kama hannunta na hagu, ya matse karyayyun yatsun. Duhu ya rufe mata ido, sirinjin ya faɗi ya gangara ƙarƙashin tebur. Ya ture ta ta faɗi kan Baba Maigadi. Ya zaro makullai biyu a zobe ɗaya, ya cilla wa Guduma.

"Ba za ta rubuta ba. Je ka tayar da mota. Kai ƙanin nata inda muka kai na jiya."

"Na jiya?" in ji Akawu.

"Guda biyun da suka cika."

"Ka ce min asibiti aka kai su."

"Na ce maka abin da za ka iya ɗauka."

"Amma Tela yana da rai, Yaya."

"Kafin a isa ya huta."

Guduma ya nufi ƙofa. Mai Gwaji ta rarrafa cikin kwalabe ta riƙe ƙafarsa, ya yi ƙwallo da ita, haƙarƙarinta ya bugu da ƙafar tebur.

Amma Akawu ya fi shi kusa da ƙofar.

Mutumin da bai taɓa ɗaga wa yayansa murya ba tun yana yaro, ya mayar da ƙofar ƙarfen ya rufe. Makullinta yana jiki ta ciki, inda matarsa ke barinsa kullum. Ya murɗa sau biyu, ya zare.

"Ba ni," in ji Guduma.

A gefen ƙofar akwai akwatin tsoffin allurai, na ƙarfe, a kafe da bango, mai ɗan tsagin baki, abin da ya shiga ba ya fita. Alluran da aka ɗebi jinin mutum goma sha ɗayan nan da su duk suna ciki.

Akawu ya zura makullin ta tsagin. Suka ji faɗuwarsa cikin allurai.

"Sa hannu ka ɗauka," ya ce.

Naushin farko ya fasa masa hanci. Na biyu ya zubar da shi. Guduma ya ci gaba da ƙafa, Akawu ya naɗe a bakin ƙofar bai matsa ba. Mai Dila ya yunƙura zai tashi, ƙafafunsa suka ƙi, ya zame daga kujerar ya zube yana kiran sunan wani da ba ya ɗakin.

Mai Gwaji ta ja jiki ta kama ƙarfen taga, ta miƙe.

Motar ba za ta tafi ba. Makullinta da na kwaɗon suna ɗakin nan tare da su, a bayan ƙofar da ba mai iya buɗewa.

Daidai nan injin mai walda ya mutu. Cikin shirun ta ji bugu daga bayan motar, hannu a kan ƙarfe. Ɗaya. Biyu.

Ta jira na uku.

Rana tana tsakiyar kai, kuma motar ba ta da taga.